Lalle a Hannun Tela

Ranar da na ɗauko rigar Sallar Anisa daga atiliyena, wato shagon ɗinkina na Kalley, na nufi gida da ita, murna nake yi. Ban san cewa kafin la'asar zan rushe aikin wata goma sha huɗu da hannuna ba. Da ma wani ya tare ni a bakin gudro, wato kwalta, ya ce in koma kan kekena in ci gaba da ɗinkin mutane.

Sunana Halidu. Tela ne ni, Bagobiri daga wajen Tibiri, shekarata ashirin da biyu a Yamai. A lekol ban wuce aji huɗu ba. Muna zaune a Talladje ni da matata Ramlatu da ƴarmu ɗaya, Anisa. Tana da shekara biyu da rabi sanƙarau ya kama ta. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma ciwon ya tafi da jinta, ya tafi da ganinta. Abin da ya rage mata a idon hagu bai wuce ta san an buɗe ƙofa da rana ba.

Shekara huɗu muna ɗaukarta muna ajiyewa kamar kaya. Mu ciyar da ita, mu yi mata wanka, mu ja ta nan, mu ja ta can. Tana cizo, tana buga kanta da bango. Ni kuma mutum ne mai tsoro tun asali. Ina cikin ɗinki sai in tsaya in kira Ramlatu a salula in tambaye ta ko ta rufe randa, ko ta kashe garwashi, ko ƙofar waje a kulle take. Wata rana nakan kira sau shida.

Wata mata da nake yi wa ɗinki ce ta gaya mini akwai wata malama a wajen Gaweye, kusa da gada, da take koyar da irin waɗannan yara a ɗaki ɗaya cikin gidan wata ƙungiya. Yara huɗu ne kawai. Sunanta Madam Hadizatu, Bazabarma ce haifaffiyar Yamai, gajera, mai muryar da ta fi ta girma. Ranar farko ta dubi tsagar da ke kumatuna ta ce, "To, Bagobiri ne. Shi ya sa aka yi shekara huɗu ba a kawo ta ba. Shigo, bawana."

Tsakanin Gobirawa da Zabarmawa akwai wasa, don haka na yi dariya. Na kama hannun Anisa na miƙa mata don su gaisa.

Ta ce, "Sake ta."

Na sake.

"In ina so ka ga wani abu, kanka nake kamawa in murɗa? Hannun nan da kake ja, shi ne idonta, shi ne kunnenta, shi ne bakinta. Ba a cafke shi."

Sai ta durƙusa, ta ɗan taɓa kafaɗar Anisa, ta jira. Ta zura nata hannun a ƙarƙashin na yarinyar, a hankali, yadda in Anisa ta so ɗaukewa babu abin da zai hana ta. Yatsun Anisa suka ci karo da wata munduwa ta duwatsu manya-manya. Madam ta ce, "Wannan shi ne sunana a wurinta daga yau. Ko biki zan je ba na cire ta."

Haka aka fara. Madam ta sa na yi wani dogon akwati mai gida-gida. A gidan farko kofi, a na biyu takalmi ƙarami, sai cokali, sai soso, sai wani yankin bargo. Kafin a yi komai sai Anisa ta ɗauki abin da ke cikin gidan, ta san abin da ke tafe: kunu, fita, abinci, wanka, barci. In an gama sai ta jefa shi cikin kwando. Cizo ya ragu tun a watan farko. Madam ta ce ba mugunta ba ce, tsoro ne. Mutumin da bai san ko wanka za a kai shi ko wurin allura ba, dole ya yi cizo.

Bayan abubuwa sai alamu na hannu. Buga bayan hannu sau biyu, "a ƙara". Shafa bayan hannu daga wuya zuwa yatsu, "ya isa". Ruwa, zafi, moto, uwa. Madam tana rubuta kowace a kayenta, littafin da take yawo da shi, ni ma ina rubutawa a bayan littafin awo. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne jira. Madam takan ce, "Ka yi alama, ka ƙirga goma a ranka kafin ka sake motsi. Saƙo yana daɗewa a hanya kafin ya isa gare ta. Amma na san ku, Bagobiri bai iya ƙirga ya wuce uku."

Sunana kuwa Anisa ce ta raɗa mini da kanta. Wata rana ina ɗauke da ita ta lalubi fuskata, ta bi tsagar kumatuna da yatsu uku daga gefen baki zuwa kunne. Ta sake. Daga nan in tana nemana sai ta ja yatsu uku a kan nata kumatun. Kowace yamma in na dawo, sai in taɓa kafaɗarta, in sunkuyar da fuska, ta bi tsagar, ta yi wata ƴar dariya a maƙogwaro. Kafin azumin bana alamunta sun kai talatin da ɗaya.

To ranar nan, kwana biyu kafin ƙaramar Sallah, na shigo gida bayan azahar da rigar a hannu. Na tarar da yayata Hajjo a tsakar gida da kwanon kwaɓaɓɓen lalle. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma a unguwarsu babu mai ƙunshi kamarta. Ta riga ta gama wa Ramlatu, hannu da ƙafa duk a ɗaure cikin leda, tana zaune a tabarma ba ta iya komai.

Yaya Hajjo ta ce, "Yauwa, Allah ya kawo ka. Zo ka riƙe mini ƴar nan."

Ramlatu ta ce, "Yaya, ko a bari a tambayi Madam?"

"Madam ce ta haife ta? Yarinya mace ta fita Sallah da hannu fari fat kamar na ubanta? Duk ƴan matan layin nan na yi musu. Ita ba mutum ba ce?"

Maganar nan ta ƙarshe ita ta kama ni. Na gaji da "Allah sarki" da mutane suke cewa in sun gan ta. Ina so sau ɗaya a dube ta a ce, "Kai, yarinyar nan ta yi kyau." Na ajiye rigar, na zauna, na ɗora Anisa a cinyata.

Ta ji ƙamshin ta ɗaga hanci. Da sanyin lallen ya taɓa tafinta sai ta fizge. Ta lalubo hannuna ta shafa bayansa daga wuya zuwa yatsu. Ya isa. Ta sake shafawa, da ƙarfi. Ba zan yi ƙarya in ce ban gane ba. Na gane sarai. Na ce a raina ai na ɗan lokaci ne, gobe za ta manta. Na kama wuyan hannayenta biyu na riƙe.

Yaya Hajjo ta shafe su, ta dunƙule yatsun, ta sa leda, ta ɗaure da tsumma. Anisa ta yi ihu, ta buga ƙeyarta a ƙirjina, ta kai haƙori ga ledar. Sai Yaya ta ɗora safa a kai ta sake ɗaurewa. Can ihun ya tsaya. Jikinta ya saki.

Yaya ta ce, "Ka gani? Ta haƙura. Duk yara haka suke."

Na kwantar da ita kusa da uwarta na koma Kalley, don aikin Sallah ya taru. Awa uku ta yi a haka.

Da na dawo shan ruwa an riga an kwance. Ramlatu ta ce lallen ya kama ja wur. Ban gani ba, don Anisa tana zaune a kusurwar ɗaki, hannayenta biyu a cuse cikin hamata. Na taɓa kafaɗarta. Na ƙirga goma. Na sunkuyar da fuskata har numfashina yana taɓa goshinta. Ta juya ta fuskanci bango.

Na ce gajiya ce. Washegari na ce zazzaɓi ne. Ranar Sallah muka sa mata rigar da kyar, jikinta a sandare, hannayen ba su fito ba sai lokacin da aka zura su a hannun riga, suka koma. Babu wanda ya ga lallen. Akwatin nan mai gida-gida ko kusa da shi ba ta zuwa. In an kai cokali bakinta tana karɓa, amma ba ta cewa a ƙara, ba ta cewa ya isa. In ta ɗauka babu kowa kusa, sai ta fito da hannun ta goga a bango har fatar ta saluɓe.

Kwana biyar muka yi a haka. Na kasa kiran Madam. Ramlatu ta ce, "Baban Anisa, in ba ka kira ba ni zan kira, kuma zan faɗa mata komai." Da aka koma lekol muka ɗauki taksi mu uku.

Madam ta tare mu da fara'a. "Barka da Sallah! Ina goron Sallata, bawana?" Ta durƙusa, ta taɓa kafaɗar Anisa, ta kawo munduwarta kusa. Ta jira. Ta taɓa gwiwar hannun yarinyar da munduwar. Anisa ta ƙara matse hamatarta. A nan Madam ta hango jan lalle a gefen wuyan hannun, da alamar ƙujewa. Ta miƙe.

"Me ya faru?"

Na gaya mata, ban rage komai ba.

"Malam Halidu," in ji ta. Tunda na san ta ba ta taɓa kirana haka ba. "Ta ce maka ya isa?"

"Ta ce."

"Ka gane?"

"Na gane, Madam."

"To ɓarnar ke nan, ba lallen ba. Ɗaure hannun ma babban abu ne. Da leda ɗaya kun rufe mata ido da kunne da baki, awa uku, ba ta san dalili ba, ba ta san ko za a kwance ba. Amma wata goma sha huɗu abu ɗaya muke koya mata: in ta yi magana, akwai mai ji. Ta yi magana ga wanda ta fi yarda da shi."

Ramlatu tana kuka. Na ce, "Za ta sake buɗe su?"

"Ban sani ba. Ba zan yi maka alkawarin abin da ban sani ba. Amma daga yau kada kowa ya taɓa hannun nan. Ko wanke shi za a yi, a sa mata ruwa a kwano kusa da ita a bar ta." Ta ja kujera ta zauna. "Yanzu gaya mini, me take so a gida wanda ba ya bukatar hannu?"

Ramlatu ce ta ce, "Keke. Tsohon keken ɗinkinsa na ƙafa da ke gida. In yana ɗinki ranar Juma'a takan je ta jingina da ƙarfen."

Ranar Asabar Madam ta zo Talladje a kan motonta mai ƙafa biyu, ranar hutunta. Ta sa muka fito da keken inuwar bishiyar bedi, muka shimfiɗa tabarma a gindinsa, Ramlatu ta zaunar da Anisa nesa kaɗan. Madam ta ce, "Yi ɗinkinka. Kada ka dube ta, kada ka kira ta, kada ka miƙa hannu. In hannunka yana maka ƙaiƙayi, zauna a kansa."

Na ɗauki wasu ƙyallaye ina haɗawa. Ƙasa tana ɗaukar rawar keken. An fi rabin awa kafin Anisa ta fara jan gindi, kaɗan-kaɗan, har bayanta ya taɓa ƙarfen. Ranar iyakar abin da aka samu ke nan. Na ce, "Shi ke nan?" Madam ta ce, "Da kana jiran ta rera maka waƙa ne?"

Daga ranar kullum da safe sai na yi awa ɗaya a kan keken kafin in tafi Kalley. A kwana na huɗu na ji wani abu mai ɗumi a kan ƙafata. Ƙafarta ce, ta ɗora a kan tawa, tana hawa tana sauka tare da feda. Na kira Madam na gaya mata. Ta ce, "Madalla. Ka ga ƙafarka tana ƙasa, tata tana sama, in ta so ta ɗauke. Gobe in ta ɗora, ka yi ɗinki kaɗan ka tsaya cak. Ka jira. Kada ka tashi keken sai ta ce."

"Da me za ta ce?"

"Ita za ta nuna maka."

Washegari na tsaya. Na ƙirga goma, na ƙirga wata goma. Zufa tana zubo mini. Sai diddigenta ya bugi bayan ƙafata sau biyu. A ƙara. Na tashi keken da sauri har zare ya tsinke. Muka yi ta yi, in tsaya, ta buga, in ci gaba. Wata safiya ta shafa tafin ƙafarta a kan tawa daga idon sawu zuwa yatsu, na tsayar da keken nan take, na ɗauke hannuna daga kansa. Ta daɗe a zaune, kamar tana auna ko da gaske ne.

Sati uku muna hira da ƙafa. Amma hannayen suna nan a hamata, fuskata kuwa in na kawo kusa sai ta kauce. Yaya Hajjo tana zuwa kusan kullum da kunun gyaɗa, ta zauna a bakin ƙofa ba ta shigowa. Ta rame. Ta ce da ni, "Ni na ce ka riƙe ta." Na ce, "Ni ta yi wa magana, Yaya, ba ke ba."

Asabar ta huɗu Madam ta zo ta sami Yaya Hajjo a nan. Suka gaisa. Madam ta ce, "Hajiya, ke nake nema. Ina so ki kwaɓa lalle."

Muka dube ta duka.

"Abin da ya same ta ba shi da suna a wurinta. Ya faɗo mata ne kawai, kuma ba ta san ko zai sake faɗowa ba, shi ya sa take gadin hannunta. Ina so ta same shi a jikin wani, ta taɓa shi ta waje, ta ga yana da farko yana da ƙarshe. Kuma wannan karon ita ce mai iko."

Ramlatu ta ce, "Sai a yi mini."

"A'a. Wanda ya riƙe ta." Ta nuna ni da haɓa. "Ba na ce zai yi aiki ba. Zai iya mayar da mu baya. In ta nuna ba ta so, mu tsaya nan take, mu wanke, mu koma keke. Kun yarda?"

Na ce, "Madam, hannun dama ne fa nake karɓar kayan mutane da shi a kasuwa."

"Na dama nake so. Kai da aka tsaga maka fuska kana jariri ba ka ce komai ba, lalle ne zai ba ka kunya?"

Yaya Hajjo ta yi dariyar farko cikin sati uku, tana share ido. Ta kwaɓa lallen a bayan ɗaki, ta shafe mini hannu, ta dunƙule, ta sa leda ta ɗaure da tsumma sako-sako yadda Madam ta ce. Tana yi tana cewa, "Shekara arba'in ina ƙunshi, ban taɓa yi wa mai gemu ba."

Na zo na zauna a tabarma a gindin keken. Anisa tana jingine da ƙarfen tana jiran a fara. Ƙamshin ya isa gare ta. Na ga wuyanta ya sandare. Ta ja baya har ƙarshen tabarma, ta dunƙule. Na dubi Madam, ina so in ce a bari. Ta ɗaga tafinta: jira. Anisa ba ta yi ihu ba, ba ta buga kai ba, hancinta kawai ke motsi.

Na ajiye ɗaurarren hannun a kan tabarma na bar shi. Ban san tsawon lokacin ba. Inuwar bedin ta matsa daga kanmu, Ramlatu ta zo ta tsaya da zane tana kare mu daga rana. Hannuna ya yi gumi a cikin ledar, yana ƙaiƙayi, yatsuna sun mutu. Na tuna ni ina ganin ledar, na san wanda ya ɗaura, na san zan iya kwancewa. Duk da haka ji nake kamar in yage ta da haƙori.

Sai ƙafarta ta miƙo. Babban yatsan ya taɓa ledar ya koma da sauri. Ya sake dawowa. Ya bi ledar zuwa tsumman, ya wuce tsumman ya sami fata, ya bi damtsena har gwiwar hannu. Ya tsaya a nan.

Madam ta ce a hankali, "Yanzu. Sau ɗaya."

Na ɗaga dunƙulen ledar na shafa a bayan ƙafarta, daga idon sawu zuwa yatsu. Ya isa. Na mayar da shi kan tabarma. Na fara ƙirga. Na wuce goma, na wuce talatin, na daina.

Hannunta na hagu ne ya fara fitowa. Lallen ya koɗe ya koma ruwan goro, rabin farcen ya fito fari. Ta taɓa ledar da yatsa ɗaya. Sai na daman ya fito. Ta kama tsumman tana ja, bai kwance ba, ta sunkuya ta sa haƙori, ta yage ledar gida biyu. Ta buɗe mini yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ta kwashe lallen daga tafina tana yarfewa a ƙasa, ta goge sauran da gefen rigarta, da fushi, tana huci. Da ta gama sai ta juya hannuna ta shafa bayansa daga wuya zuwa yatsu.

Ban motsa ba. Hannun ya bi damtsena ya hau kafaɗa, ya sami gemu. Yatsu uku, jiƙe da lalle, suka bi tsagar daga gefen bakina zuwa kunne.

Madam ta ce, "Kada ka rungume ta, Bagobiri. Kukan ma yi shi a hankali, ƙirjinka yana girgiza ta."

Ban wanke fuskar ba sai da aka kira azahar. Ranar Litinin na shiga Kalley da hannun dama ja wur da layi uku ja a kumatu. Isma'ila, telan da ke maƙwabtaka da ni, ya leƙo ya daka tsalle. "Jama'a, ku fito, amarya ta iso! Halidu, wa ya biya sadakin?" Sati biyu ana kirana amarya daga bakin atiliye har masallaci. Wata mata ta tambaye ni wa ya yi mini, don ya kama da kyau. Na ba ta lambar Yaya Hajjo.

Alamun ba su dawo rana ɗaya ba. Kofi ya fara dawowa, sai cokali, sai uwa. Bayan wata ɗaya Madam ta duba kayenta ta ce ashirin da shida sun dawo cikin talatin da ɗaya, kuma an sami sabuwa. Ta sa na ɗinka wata ƴar jaka na cika ta da busasshen ganyen lalle, aka ba shi alama: a dunƙule hannu sannan a buɗe. Jakar tana da nata gida a ƙarshen akwatin. Wani lokaci Anisa takan ɗauko ta, ta shinshina, ta jefa cikin kwandon abin da aka gama. Madam ta ce in babbar Sallah ta zo za a kawo mata kwanon a tambaye ta. In ta so, yatsa ɗaya, ba leda. In ta ce ya isa, ya isa.

Na rasa abin da zan yi wa Madam Hadizatu. Na ɗinka mata doguwar riga, na yi mata aiki a wuya da hannuna, kwana shida. Ta juya ta gaba da baya ta ce, "Ashe Gobirawa sun iya wani abu." Ta sa ta ranar Juma'a, da munduwar duwatsun nan da ba ta dace da rigar ba ko kaɗan. Kullum in na yi sallah ina sa ta a addu'a tare da mahaifiyata. Har yanzu ina kiran Ramlatu a salula, amma ya ragu zuwa sau biyu, kuma tambayar ta canza: me ta ce yau?

Yaya Hajjo kuwa Anisa ba ta yarda da ita ba tukuna. Tana jin ƙamshinta sai hannayen su koma hamata. Yaya ta daina taɓa lalle kwana biyu kafin ta zo, tana zama a gefen tabarma da hannunta a buɗe a ƙasa, tana ƙirga goma.

Na tambayi Madam yadda zan ce wa Anisa ta yafe mini. Ta ce ba su kai nan ba, wannan kalma ce mai nisa, wataƙila shekara biyu, wataƙila fiye. Don haka har yau ban san abin da ƴata ta ɗauka ya same ta a cikin awa ukun nan ba. Ban kuma san ko ranar da ta yage ledar ta gane haƙuri nake ba ta ba, ko kuwa ta tarar da ubanta a ɗaure ne kawai ta kwance shi.